Motata ba ta hayaƙi, in na cire indomin salansa akwai matsala? Amsa kan iskar NOx da ɓarnar da take yi

Tambayar dai ita ce, wani ɗan'uwa ya ce bakanikensa ya ba shi shawara ya cire indomin da ke cikin salansar motarsa, wato abin nan da yake tace hayaƙi, wai motar za ta ƙara ja, kuma ga mai saye a tsaye da kuɗi masu kauri. Ya ce shi motarsa ba ta hayaƙi ko kaɗan, amma ya ji ana cewa indomin nan yana tare wata iska da ake kira naitirojin oksaid, wato NOx, shine yake so ya san mece ce ita, kuma da gaske tana lalata muhalli ko dai surutun Turawa ne kawai.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa don Allah kar ka cire, wannan ita ce amsar a taƙaice, amma tunda sinadaran iska fannina ne kuma abin yana damuna sosai, ka yi haƙuri ka bi ni a hankali don bayanin yana da ɗan tsawo.

Abu na farko da nake so ya fita daga kanka shine wannan tunanin cewa in mota ba ta baƙin hayaƙi to ba ta gurɓata iska. Kusan kowa haka yake auna abin, da ido, kuma a maganar NOx ido ba ya aiki. Iskar nan da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin, suna gauraye amma ba ruwan wani da wani, haka Allah ya tsara su, da suna haɗuwa cikin sauƙi da tuni ba mu nan. Sai an sami zafi mai tsananin gaske, wajen digiri 1,500 zuwa sama, sannan suke mannewa da juna su ba da wata iska da muke rubutawa NO. To a cikin silindar injin mota, a daidai lokacin da filogi ya ba da wuta, zafin yana haura digiri 2,000, kaga kenan duk bugun fistin ɗaya ana ƙera ta. In ta fito waje sai ta ƙara kama oksijin guda ta zama NO2, su biyun nan a haɗe su ake ce wa NOx. Wani masanin Tarayyar Sobiyet, Yakov Zeldovich, shi ya fayyace yadda haɗuwar take tun 1946.

Ka lura da kyau, ban ce daga dattin mai take fitowa ba. Iskar da injin ya zuƙa ita ce take ƙonewa. Ko da man da ya fi kowanne tsafta a duniya ka zuba, ko ka mai da motar ta koma gas ɗin CNG da ake yayi yanzu, muddin akwai wuta mai zafi kuma akwai iska, akwai NOx. Baƙin hayaƙi alamar mai ne da bai ƙone duka ba, ita kuwa wannan sau da yawa injin da yake ƙona mansa tas da zafi shi ya fi fitar da ita. NO ba ta da launi sam. NO2 tana da launi ja-ja mai ruwan ƙasa amma sai ta taru da yawa ake gani, in ka tuna fashewar da aka yi a tashar jirgin ruwan Bairut ranar 4 ga Agusta 2020, inda tan 2,750 na amoniyam naitiret ya tashi, jan hayaƙin nan da ya turnuƙe sama a bidiyon, to launin NO2 kenan ka gani da idonka. A bakin titi ba ta kai haka ba, sai dai wani wari mai hawa kai da ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro in ka daɗe a gosulo bayan tirela.

Kuma ba mutum ne kaɗai yake yin ta ba. Walƙiya tana yi, don zafinta ya ninka na injin nesa ba kusa ba. Ƙasa ma tana yi, a yankinmu na Sahel in aka yi ruwan farko bayan dogon rani, bakteriyar da ke cikin ƙasa suna farfaɗowa su saki NO da yawa cikin 'yan kwanaki, har tauraron ɗan'adam yana hango ta daga sama. Ga gobarar daji da ake cinnawa bayan kaka, ita ma babbar hanya ce a Afirka. Matsalar ita ce yawa da kuma taruwa wuri guda, a daidai tsayin hancin mutane, safe da yamma, shekara da shekaru.

Yanzu shi indomin. In ka taɓa ganin an fasa shi, wani abu ne kamar tangaran mai dubban 'yan ramuka jere kamar saƙar zuma, an shafe cikin ramukan da ƙarafa masu tsada guda uku, filatinam, faladiyam da rodiyam. Hayaƙi yana bi ta ramukan, rodiyam ɗin ya raba NOx ya mai da ita naitirojin da oksijin kamar yadda suka shigo, sauran biyun su ƙarasa ƙona kabon monoksaid da ragowar fetur. In ya yi zafi kuma sansar oksijin, wato na'urar da take auna oksijin ɗin da ke cikin hayaƙin, tana aiki daidai, yana kashe sama da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan gubobin uku. Mai sayen nan ba taimakonka yake ba, ƙarafan yake bi, a 2021 farashin oza ɗaya ta rodiyam ya haura dala 25,000 a lokacin da zinari bai kai dala 2,000 ba, shi ya sa ake satarsa a Amurka da Ingila ana yanke shi daga ƙarƙashin mota cikin dare. Maganar wai mota za ta ƙara ja kuwa, gaskiyarta ɗaya ce, in indomin ya toshe ko ya narke lallai mota za ta riƙa nauyi tana shaƙewa, amma lafiyayyen indomi ba ya hana mota gudu yadda za ka ji a ƙafarka. Kuma ba ya toshewa haka kawai, ko dai injin yana shan baƙin mai, ko filogi yana tsallake wuta ɗanyen fetur yana zuwa yana ƙonewa a cikinsa, ko gurɓataccen mai. Wannan ciwon ya kamata bakanike ya nemo, in ka cire indomin ka bar ciwon yana nan, ƙari ma fitilar cek-injin za ta kama ta zauna, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka gane ba.

Bari in ɗan taɓa lafiyar jiki kafin muhalli don ba a raba su. NO2 ba ta narkewa da sauri a ruwa, dan haka damshin hanci da maƙogwaro ba ya tare ta, wucewa take har can cikin ƙananan hanyoyin huhu ta kumbura su. Masu asma su ne na farko da suke ji, sai yara don huhunsu bai gama girma ba kuma sun fi mu kusa da bakin salansa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sauke ma'aunin da ta ce kar a wuce daga maikirogiram 40 zuwa 10 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, ba don komai ba sai don an gano tana cutarwa tun a ƙasa da inda ake zato. A Landan akwai wata yarinya 'yar shekara 9 da gidansu yake dab da wani babban titi a kudancin birnin, ta rasu a 2013 bayan asma ta yi ta kai ta asibiti, mahaifiyarta ta ƙi haƙura ta yi ta bin kadi, sai a Disamban 2020 kotun binciken mutuwa ta yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe ta, kuma an ambaci NO2 ɗin titin da ya wuce ƙa'ida. Wannan ne karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a Ingila. Mu nan yara nawa ne suke talla a tsakiyar gosulo daga safe har magariba.

Amma kar a haɗa ta da hayaƙin janareta da yake kashe iyali guda cikin dare ɗaya, wancan kabon monoksaid ne, shi nan take yake yi. NOx a hankali take cin mutum.

To ɓarnarta ga muhalli, babban abin da mutane ba su sani ba shine ita kanta ba ta daɗewa, awoyi ne zuwa kwana ɗaya ko biyu ta rikiɗe, kuma abubuwan da take komawa su ne masifar. Na farko kuma wanda ni ya fi tsaya min a rai shine ozon. Na san ka ji ana cewa ozon abu ne mai kyau, yana kare mu daga zafin hasken rana, gaskiya ne, amma wancan yana can sama kilomita 15 zuwa 35. In ya samu a nan ƙasa inda muke numfashi guba ne. Kuma ba wata salansa da take fitar da shi, a iska ake dafa shi, NOx ta haɗu da tururin fetur da na fenti da makamantansu, rana ta buga musu, sai ozon ya fito. Birnin Los Angeles na Amurka su suka fara ɗanɗanawa, a Yulin 1943 wani hazo ya rufe garin idanun mutane suna ta ruwa, har wasu suka ɗauka Japanawa ne suka kawo harin guba don ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. An yi ta zargin masana'antu, sai a farkon shekarun 1950 wani masani ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, ya haɗa hayaƙin mota da haske a ɗakin gwaji ya fito da hazon, ya nuna musu motocinsu ne da ranarsu. Kamfanonin mota da na mai sun yi ta musu da shi kafin su yarda. Daga wannan rigimar ne Kaliforniya ta fara dokokin hayaƙin mota, kuma daga 1975 indomi ya shiga motocin Amurka.

Yanzu ka duba kayan haɗin, rana mai ƙarfi, zafi, tsofaffin motoci, fetur a buɗe a jarka da kwalba a bakin titi yana tururi, gobarar daji. Wanne ne ba mu da shi?

Shuka tana numfashi ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani a jikin ganye, ta nan take zuƙar iskar da take haɗa abincinta. Ozon yana bi ta nan ya ƙona cikin ganyen. In ka ɗaga ganyen wake ko waken suya da ya sha ozon za ka ga saman ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ƙanana masu ruwan tagulla ko shuni-shuni a tsakanin jijiyoyin, jijiyoyin kansu suna nan kore, ka juya bayan ganyen ka ga lafiya lau ba ƙwaro ba fumfuna, kuma tsofaffin ganyen ƙasa su suke fara nunawa su yi ɗorawa su zube kafin lokaci. Manomi zai ce cuta ce ya je ya sayo maganin feshi, ko ya ce taki ne bai isa ba ya ƙara buhu, duk asara. Sau da yawa ma ba alamar komai a ganyen, sai dai a ga ƙwayar ba ta cika ba ranar awo. Alkama, waken suya, wake, auduga, gyaɗa, duk ba sa jure shi, gero da dawa sun fi su dauriya alhamdulillah. A Indiya binciken masanansu ya nuna suna asarar miliyoyin tan na alkama da shinkafa duk shekara saboda ozon kaɗai.

Abin da ya fi ciwo a nan, ozon ba a tsakiyar gari ya fi yawa ba. A cikin gari sabuwar NO da motoci suke ta fitarwa tana cinye wani kaso nasa, sai iska ta kwashi hayaƙin ta yi nisa da shi, rana tana gasa shi a hanya, ya je ya nuna a kan ƙauyuka masu nisan kilomita da dama. Wato wanda ya cire indomi ya karɓi kuɗinsa a birni, manomin da ko keke ba shi da shi shine zai biya da amfanin gonarsa, kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi. Ina tuna masu noman rani na alkama a Kadawa da Kura da Haɗeja duk lokacin da na zo wannan gaɓar a aji, don alkamarsu tana fitar da kai ne a lokacin da rana ta fara zafi kuma ana ƙone-ƙonen daji, kuma ganyen da yake samun ban-ruwa ƙofofinsa a buɗe suke, ya fi zuƙa. 'Yan na'urorin awon iska da muke da su a ƙasar nan kuwa yawancinsu ƙura kawai suke aunawa kuma a birni suke.

Na biyu, ruwan sama mai asid. NO2 in ta daɗe a sama tana komawa asid ɗin naitirik, ta haɗu da ɗan'uwanta na salfa da ke fitowa daga kwal da man da ba a tace da kyau ba, su sauko da ruwa ko da raɓa ko a bushe. A shekarun 1960 da 1970 dubban tafkuna a Suwidin da Norwe kifinsu ya ƙare, ruwan ya yi garau gwanin kyau amma ba rai a ciki. Asid ɗin yana narko alminiyam daga cikin ƙasa ya gangara tafki, ya toshe wa kifi abin numfashinsa, ƙwai kuma ya ƙi ƙyanƙyashewa. Wani masanin ƙasa ɗan Suwidin, Svante Odén, ya fito a 1967 ya ce hayaƙin Ingila da Jamus ne iska take kawo musu, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka sa hannu a yarjejeniyar Janeba ta 1979 kan gurɓatar iska mai tsallaka iyaka, sannan a 1988 a birnin Sofiya aka yi wadda ta shafi NOx kai tsaye. Dazuzzuka ma sun ji jiki don asid yana wanke kalsiyam da magniziyam daga ƙasa ya bar itace da yunwa.

A nan sai in faɗa maka gaskiya, mu a Arewa da Nijar wannan ba shi ne babban abin tsoronmu ba. Ƙurar nan ta hunturu da muke kuka da ita tana ɗauke da kalsiyam mai yawa, tana kashe kaifin asid ɗin tun a sama, akwai tashar awo a Banizumbu kusa da Yamai da take tattara ruwan sama tun shekarun 1990 kuma abin da take nunawa kenan. Yankin Neja Dalta labarinsu daban, can ga wutar gas da kamfanonin mai suke ƙonawa dare da rana shekara da shekaru, ga ruwan sama mai yawa, ƙasarsu dama mai tsami ce, mutanen wurin sun daɗe suna kukan kwanon rufinsu yana tsatsa yana hujewa da wuri, duk da gishirin teku da damshi su ma suna da hannu a ciki.

Na uku shine wanda ɗalibai suke ja da ni a kansa, su ce Malam ai naitirojin taki ne, in ya sauko daga sama ba kyauta aka ba mu ba? A gonar da take jin yunwa irin tamu, eh, ɗan abin da ya sauko ba zai cutar ba. Amma ba ya zaɓen inda zai sauka. In ya yi yawa a ruwa gansakuka take haukacewa ta rufe sama, ta mutu ta nitse, bakteriyar da suke ruɓar da ita su shanye oksijin ɗin ruwan, kifi ya shaƙe. Mashigin ruwan Chesapeake a gabashin Amurka, kusan kashi ɗaya cikin uku na naitirojin ɗin da yake damunsa daga iska yake saukowa. A tudu kuma ciyayi masu haɗama su suke cin moriya su danne ƙananan tsirrai da suka saba da ƙasa mara taki, tsirran su ɓace, ƙwarin da suke rayuwa a kansu su bi su, tsuntsaye su bi ƙwarin. A Holan abin ya kai kotun ƙolin harkokin mulki a Mayun 2019 ta rushe tsarin gwamnati na ba da izinin ayyuka, dubban gine-gine da hanyoyi suka tsaya cak, a Maris 2020 gwamnati ta rage gudun mota a manyan tituna da rana daga kilomita 130 zuwa 100 a awa don kawai ta rage NOx a samu a ci gaba da gina gidaje. Kodayake su mafi yawan nasu amoniya ce daga kashin shanu, shi ya sa manoma suka fito da taraktoci suka tare hanyoyi.

Amoniyar nan ma in ta haɗu da asid ɗin naitirik a iska, gishiri suke yi mai laushin da ya wuce gari, ya shiga sahun ƙurar da ake kira PM2.5 wadda take ratsa huhu ta shiga jini, wani kaso na dishi-dishin da yake rufe Delhi da Beijin da sanyi daga nan yake.

Duk wannan bayanin na indomi na motar fetur ne. Dizal matsalarsa ta fi haka, don injin dizal yana matse iska sosai kuma yana aiki da iska fiye da kima, oksijin ya yi yawa a hayaƙin, irin wancan indomin ba ya iya raba NOx a cikinsa. Galibi sai an fesa wani ruwan yuriya da ake kira AdBlue a cikin salansa, ya koma amoniya ya kashe ta. Turai ta yi ta matse ƙa'ida, ƙaramar motar dizal a matakin Euro 3 an yarda mata miligiram 500 na NOx a kilomita, Euro 4 ya zama 250, Euro 5 ya zama 180, Euro 6 ya dawo 80. Cika wannan yana da tsada, shine kamfanin Volkswagen ya zaɓi ha'inci, suka sa wa kwamfutar motar wata manhaja da take gane in ana gwaji sai ta kunna kayan tace hayaƙi, in an hau titi ta sassauta. Wasu 'yan masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka ɗaura na'urar awo a bayan mota suka yi ta yawo da ita a titi, suka ga lissafi ya ƙi fita. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fasa ƙwai, wasu motocin suna fitar da ninki har 40 na abin da doka ta yarda, motoci miliyan 11 a duniya, kamfanin ya yi asarar sama da yuro biliyan 30 a tara da diyya. Dan haka in wani ya ce maka surutu ne, ka tambaye shi wane kamfani ne zai biya wannan kuɗin a kan surutu.

Kuma ina tsofaffin motocin da Turai ta gaji da su suke zuwa? Wurinmu. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka shigo, wasu tun kafin su hau jirgi an riga an yanke musu indomi. ECOWAS ta ce daga Janairun 2021 kar a shigo da motar da ba ta kai Euro 4 ba, takarda ce mai kyau, amma ka je Kwatano ka ga abin da ake saukewa. Wadda ta iso da nata lafiya kuma mu ƙarasa ta da hannunmu, manyan motocin da suka zo da tankin AdBlue a kai su wurin mai kwamfuta ya kashe tsarin gaba ɗaya. Sannan ga abin da su Turawan ba su da shi, janareta. Kowane banki, kowane otal, kowane ƙarfen sabis, kowace kasuwa, injin dizal yana ruri ba abin tace hayaƙi ko ɗaya a jikinsa, ƙananan na fetur kuma a ƙofar shago a tsayin gwiwa, mai ɗinki yana zaune a kansa wuni guda.

Abin da yake ba ni ƙwarin gwiwa shine rashin daɗewarta. Tauraron Sentinel-5P da Turai ta harba a 2017 yana zana taswirar NO2 ta duniya kullum, in ka kalle ta za ka ga jan tabo a kan manyan birane, da wani babba a lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu inda tashoshin wutar kwal suka taru, har hanyoyin da jiragen ruwa suke bi a teku suna fitowa kamar an ja layi. Da aka yi kullen korona a 2020, cikin 'yan makonni jan tabon da ke kan Wuhan da arewacin Italiya ya dushe. Iskar kabon da take ɗumama duniya in ka saki yau jikokinka za su tarar da ita, wannan kuwa ka daina yau ka ga sauƙi a makon nan, a unguwarku.

Akwai wata 'yar'uwarsu da suna ya sa ake rikita su, N2O, wadda likitocin haƙori suke shaƙa wa mutum. Ita ba ta cikin NOx kuma halinta daban, ba ta ƙona huhu amma tana shekara sama da 100 a sama, tana riƙe zafi ninki kusan 273 na iskar kabon, kuma tana hawa can ta ci ozon mai amfani, aikin da wani masani, Paul Crutzen, ya fara bayyanawa a 1970 ya kai shi ga kyautar Nobel a 1995. Mafi yawan wadda mutum yake jawowa daga gona take, takin zamani da aka zuba fiye da abin da shuka za ta iya ci, musamman a ƙasa mai kwance da ruwa. Manomin da yake raba yuriyarsa kashi biyu ko uku yana binnewa a gindin shuka maimakon ya watsa duka lokaci guda, ya tsare kuɗinsa kuma ya rage ta.

Kai dai abin da zan ce maka, ka kai motar a sa mata kwamfuta a duba sansar oksijin da filogi, a ga ko tana shan baƙin mai, in indomin ya mutu da gaske a canza shi ko da na Beljiyam ne mai kyau, kuma ka tsaya a kan motarka duk ranar da za a taɓa salansa don ana cirewa a cusa wayar ƙarfe a walde mai mota bai sani ba. In ka tsaya jiran wani fiye da minti ɗaya ko biyu ka kashe injin, musamman a ƙofar makarantar yara. Janareta a nisanta shi daga taga, bakin salansarsa ya kalli inda ba mutane, ba ɗakin maƙwabci ba.

Sai kicin, don uwargida ma abin ya shafe ta. Murhun gas wuta ce mai zafi a cikin iska, dan haka yana fitar da NO2, kuma a ƙaramin kicin da aka rufe ƙofa da taga tana iya taruwa ta wuce ta bakin titi kafin tuwo ya nuna. Kar wani ya ji wannan ya ce a koma itace ko gawayi, wallahi gas ya fi su sauƙi ga huhu nesa ba kusa ba. A buɗe taga duk lokacin girki, in da hali a sa fankar da take jan iska waje, kuma yaron da yake da asma a daina zaunar da shi a kicin ana girki.